AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI: FINAFINAN RAMUWAR GAYYA NA KORIYA DA YARAN DA AKE FARAUTA

A cikin wani fim na ƙasar Koriya ta Kudu mai suna Lady Vengeance, wanda Park Chan-wook ya fitar a 2005, akwai wani wuri da duk wanda ya kalla ba ya mantawa da shi. Wata mata ce ta yi shekara 13 a kurkuku bisa kisan yaron da ba ita ta kashe ba. Da ta fito sai ta kamo ainihin mai laifin, wani malamin makaranta, ta ɗaure shi a kan kujera a cikin wata tsohuwar makaranta da aka daina amfani da ita. Daga nan ta tara iyayen yaran da ya kashe, ta kunna musu bidiyon irin azabar da ya gana wa 'ya'yansu, sannan ta ba su zaɓi, ko a miƙa shi ga hukuma ko kuma su gama da shi da hannunsu. Suka zaɓi hannunsu. Aka raba musu rigunan ruwa na leda don kada jini ya ɓata musu kaya, suka zauna a kan benci suna jiran layi sai ka ce masu jiran ganin likita, wannan da wuƙa, wancan da gatari, wata tsohuwa kuma da almakashin jikanta. Ɗan sandan da ya binciki shari'ar tun farko yana tsaye a wurin, shi ne ma yake nuna musu yadda ake riƙe wuƙa.

Mutum sama da miliyan 3 ne suka biya kuɗi suka kalli wannan fim a gidajen silima na Koriya. Irinsa ne kuma suka cika wayoyin samari daga Kano zuwa Damagaram, ana tura su a shagunan tura finafinai da 'yan kuɗi kaɗan. A da Jumong ne da takubbansa da dawakinsa, yanzu kuwa uba ne mai farautar yaran da suka kashe 'yarsa, ko uwa mai bin 'yan makaranta da wuƙa. Sai a ga matasa sun yi cincirindo a majalisa kan waya guda, da zarar an caka wa mugun wuƙa sai shewa ta tashi, ana cewa ai ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. To, ya kamata ɗan'uwa mai karatu ya san abin da ake ɗura masa, da wanda yake cin ribar ɗurin, da kuma wanda ake yankawa a ƙarshe.

GASKIYAR DA SUKA FARA DA ITA

Ba za a yi wa masu waɗannan finafinai ƙarya ba, sun faro ne daga wani gyambo na gaske. A ƙarshen 2004 aka bankaɗo cewa 'yan makarantar sakandare 44 a garin Miryang sun shafe kusan shekara guda suna yi wa wata yarinya 'yar ƙaramar sakandare fyaɗe. Da aka zo bincike, 'yan sanda suka jera samarin suka sa yarinyar ta nuna su ido da ido, wani ɗan sanda kuma ya ce da ita ta zubar wa garin da mutunci. A ƙarshe 10 aka gurfanar, su ma aka mayar da su kotun yara. An tura 20 sashen yara tun daga ofishin mai gabatar da ƙara, 13 kuma aka sallame su, yawanci saboda an yi sulhu da kuɗi, domin a lokacin dokar ƙasar ba ta yarda a ci gaba da shari'ar fyaɗe ba in an janye ƙara. Ko mutum ɗaya cikin 44 ɗin bai fita da tambarin mai laifi ba. Sai a 2008 Kotun Ƙoli ta umarci gwamnati ta biya diyya saboda wulaƙancin da 'yan sanda suka yi.

A wannan shekara ta 2008 ne kuma wani mutum mai suna Cho Doo-soon ya yi wa yarinya 'yar shekara 8 aika-aika a garin Ansan, har ya nakasa ta. Kotu ta ba shi shekara 12, wai an sassauta masa ne saboda a buge yake lokacin da ya aikata. Wato giyar da ya ɗirka ita ce ta zama mai cetonsa! A wata makarantar kurame a birnin Gwangju kuwa, malamai da shugabanni sun shafe shekaru suna lalata da ɗalibai, wasu daga cikinsu aka yi musu ɗaurin talala, wasu ma suka koma bakin aikinsu. Sai da fim ɗin Silenced ya fito a 2011, mutane sama da miliyan 4 suka kalla, ƙasa ta ɗauki zafi, sannan majalisa ta yi gaggawar gyara doka a watan Oktoba na shekarar, aka kuma rufe makarantar.

Duk ƙasar da kotunta take irin wannan, dole zukatan talakawanta su cika da ƙuna. Wannan ƙunar ce 'yan jari-hujjar fim suka gano, suka mayar da ita haja. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

INDA AKA KARKATAR DA AKALA

Mai karatu ya lura da inda ake saita na'urar ɗaukar hoto. A Don't Cry Mommy na 2012, 'yan sakandare sun yi wa yarinya fyaɗe, kotu ta yi musu sassauci saboda ƙuruciya, yarinyar ta kashe kanta, sai uwar ta bi su ɗaya bayan ɗaya. A Broken na 2014, wanda aka ɗauko daga littafin marubucin Japan Keigo Higashino, uba ne ma'aikacin masana'anta yake bin sawun yaran da suka kashe 'yarsa a cikin dusar ƙanƙara. Shirin Juvenile Justice da kamfanin Netflix ya fitar a 2022 yana buɗewa ne da yaro ɗan shekara 13, jini faca-faca a jikinsa, yana cewa ya kashe ɗan firamare, kuma ya san doka ba za ta taɓa shi ba. Fuska guda ake maimaitawa a ko'ina: yaro mai murmushin raini, wanda ya haddace doka fiye da lauya, yana kallon alƙali ido cikin ido.

To mene ne ainihin abin da dokar ta ƙunsa? Sashe na 9 na dokar manyan laifuka da aka kafa a 1953 ya ce ba a yi wa wanda bai kai shekara 14 ba hukuncin manya. Daga shekara 10 zuwa 13 kotun yara ce take duba lamarinsu, kuma mafi tsananin abin da take yankewa shi ne shekara 2 a gidan horar da yara. Amma wanda ya kai 14 ana iya gurfanar da shi a kotun manya a ɗaure shi, sai dai in bai cika 18 ba lokacin laifin, hukuncin kisa ko ɗaurin rai da rai yakan koma shekara 15, ko 20 in laifin yana cikin munana na musamman. Hakan ne ya faru a Incheon a 2017, inda wata 'yar shekara 16 ta yaudari yarinya 'yar firamare ta kashe ta, aka ba ta shekara 20 cif.

Ga inda gizo yake saƙar. Kisan Incheon shi ne tushen labarin farko na Juvenile Justice, alhali waɗanda aka kama a ainihin shari'ar ɗaya 16 take ɗaya 18, babu ɗan 13 a ciki, masu shirin ne suka ƙirƙiro shi. Samarin Miryang kuwa 'yan babbar sakandare ne, duk sun haura 14 nesa ba kusa ba. Doka ta ba da damar a ɗaure su. Waɗanda suka sake su manya ne masu ɗamara da masu rigar shari'a da iyaye masu kuɗin sulhu. Ko da an sauke shekarun hukunci zuwa 10, ba abin da zai canza a Miryang. Amma wa ya taɓa ganin fim ɗin da uwa take bin mai gabatar da ƙara da wuƙa saboda ya sallami mutum 13? Yaro ya fi sauƙin yankawa, ba shi da lauya, ba shi da ƙungiya, ba ya jefa ƙuri'a.

Alƙaluman 'yan sandan Koriya da kansu sun nuna cewa tsakanin 2019 da 2023 yara 'yan ƙasa da 14 sama da 65,000 aka miƙa wa kotun yara. Kusan rabinsu sata ce laifinsu. Masu kisan kai 11 ne a tsawon shekara biyar ɗin. Rai ɗaya ma babba ne, babu mai musun wannan, kuma yawan yaran da ake kamawa ya ƙaru ƙwarai a waɗannan shekaru, wannan ma gaskiya ce da ba ta ɓoyuwa. Amma dodon da ake nunawa a fim, in aka cire masa rigar dodo, yawanci ɓarawon keke ne ko mai ɗauke kaya a kanti, ɗan gidan da uba ya gudu ko uwa take kwana wurin aiki.

MAI KUƊI BA YA LAIFI

A watan Oktoba na 2022 Ministan Shari'a na lokacin, Han Dong-hoon, ya fito ya sanar cewa gwamnati za ta sauke shekarun hukunci daga 14 zuwa 13. Shugaba Yoon Suk Yeol ma tun a yaƙin neman zaɓe ya yi alƙawarin 12. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasar ta ce ba ta yarda ba, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ma tun 2019 ya nemi Koriya ta bar abin a 14. Ƙudurin ya je majalisa ya kwanta, har wa'adin majalisar ya ƙare a watan Mayu na 2024 ba a zartar da shi ba.

Amma 'yan'uwa su koma baya da wata biyu kacal. A watan Agusta na 2022 wannan Minista dai shi ne ya tsaya gaban 'yan jarida ya karanta sunayen waɗanda Shugaban ƙasa ya yi wa afuwa, a cikinsu har da Lee Jae-yong, magajin kamfanin Samsung, wanda kotu ta ɗaure shekara biyu da rabi saboda ba da cin hanci a badaƙalar da ta kifar da Shugaba Park Geun-hye. Abin dariya abin kuka, shi Ministan yana cikin masu binciken da suka sa aka kama mutumin a 2017. Dalilin afuwar wai tattalin arziki yana buƙatarsa. Mahaifinsa Lee Kun-hee ma haka aka yi masa: an same shi da laifin ƙin biyan haraji a 2008, aka yi masa ɗaurin talala, a watan Disamba na 2009 kuma aka yi masa afuwa shi kaɗai tilo, wai don ya taimaka wa ƙasar ta samu baƙuncin wasannin Olamfik na hunturu. Baki ɗaya ne yake wanke biloniya a Agusta, yake neman kan ɗan shekara 13 a Oktoba.

In kuma ramuwar gayya ake nema ta zahiri, ga ta nan. A watan Maris na 2007 aka ji wa ɗan Kim Seung-youn, shugaban rukunin kamfanonin Hanwha, ciwo a wata rigima da ma'aikatan mashaya. Uban ya ɗebi 'yan rakiyarsa, suka kwashi ma'aikatan zuwa wani wurin gini a gefen dutse, ya lakaɗa musu duka da hannunsa. Kotu ta ba shi wata 18, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi ɗaurin talala, a Agustan 2008 aka yi masa afuwa. Wannan shi ne uba mai rama wa ɗansa wanda yake kwana a gidansa. Ma'aikacin masana'antar da ke cikin Broken kuwa, ko a fim ɗin ma harsashin 'yan sanda ne ya kwantar da shi.

Mutanen Koriya sun san wannan tun tuni. A Oktoban 1988, kwanaki kaɗan bayan kammala Olamfik a Seoul, wani fursuna mai suna Ji Kang-hun ya tsere tare da wasu, 'yan sanda suka ritsa su a wani gida, ana nunawa kai tsaye a talabijin. Kafin a harbe shi ya leƙo ta taga ya ɗaga murya cewa mai kuɗi ba ya laifi, mara kuɗi shi ne mai laifi. Won miliyan biyar da 'yan kai ya sata, aka ɗora masa shekara 17 in an haɗa da tsarewar bayan ɗauri. Ƙanen tsohon Shugaba Chun Doo-hwan da ya wawure biliyoyin won shekara 7 aka ba shi, bai kuma ƙarasa ko rabi ba aka sake shi. Shi kansa Janar Chun, wanda sojojinsa suka karkashe mutanen Gwangju a watan Mayu na 1980, an yanke masa hukuncin kisa a 1996, aka mayar da shi rai da rai, aka yi masa afuwa a Disambar 1997, ya mutu a gidansa a 2021 yana da shekara 90 ba tare da ya nemi gafarar iyalan mamatan ba.

Wani zai ce ai 'yan fim ɗin Koriya suna taɓa manya, ga Veteran na 2015 da ya tsire ɗan attajiri, mutum sama da miliyan 13 suka kalla. Haka ne, kuma an yaba. Sai dai attajirin Veteran na ƙage ne, babu wanda zai kai ƙara. Da aka zo yin 26 Years, labarin 'ya'yan mamatan Gwangju da suka ƙulla kashe Janar ɗin, masu zuba jari janyewa suka yi a 2008 ana gab da fara ɗauka, sai da dubban talakawa suka yi karo-karo sannan fim ɗin ya fito a 2012. Kuɗi ya san jinin da ake sayarwa lami lafiya, ya kuma san wanda ake tsoro.

MAI SAYAR DA TABA DA GARGAƊINSA

Masu kare waɗannan finafinai, musamman 'yan boko masu sharhi, suna da wata hujja da suke so ƙwarai. Suna cewa ai finafinan ba sa koyar da ramuwa, suna nuna ne cewa ramuwa banza ce. Wai a duba ƙarshen Oldboy na 2003, wanda ya samu babbar kyauta a bikin Cannes na Faransa a 2004: mai ramuwar ya harbe kansa, wanda aka rama a kansa ya yanke harshensa. A duba I Saw the Devil na 2010, inda jami'in leƙen asiri yake kama wanda ya kashe budurwarsa, ya azabtar da shi ya sake shi, ya sake kamawa, har wannan wasan ya jawo aka hallaka ƙanwar budurwar, shi kuma ya ƙare yana kuka a kan titi. A duba iyayen Lady Vengeance, bayan sun gama yanka sai ga su suna rubuta lambar asusun banki don a mayar musu da kuɗin fansar da suka biya.

Ba a ƙi ba, waɗannan wurare suna nan. Amma wannan hujja irin ta kamfanin taba ce, wanda yake rubuta gargaɗi a jikin kwali bayan ya ƙawata kwalin da ruwan zinare. An shafe awa biyu ana ɗanɗana wa mai kallo zuma, sannan a minti biyar na ƙarshe a ce masa ashe guba ce. A tambayi kowane saurayi abin da ya riƙe daga Oldboy, ba harshen da aka yanke zai ambata ba, zai ce wurin nan ne da mutum ɗaya da guduma ya ratsa lungu cike da 'yan daba, kusan minti uku ba a yanke hoto ba. Wannan guntun ne ake yankowa ana turawa daga waya zuwa waya, an ɗora masa kiɗa. Kukan ƙarshe babu mai tura shi. I Saw the Devil kuwa sai da hukumar tace finafinai ta Koriya ta mayar da shi har sau biyu, aka yanke wasu wurare kafin a bari ya shiga silima. Mai son nuna cewa azaba banza ce ba ya buƙatar ya ɗauke ta dalla-dalla har hukumar ƙasarsa ta kau da kai.

Kuma a cikin fim mai ramuwa ba ya kuskuren mutum, saboda marubuci ya riga ya nuna wa mai kallo mai laifin tun farko. A waje ba haka abin yake ba. A 2020 wani ya buɗe shafin intanet mai suna Digital Prison, yana wallafa hotuna da adireshin waɗanda ya kira masu laifi, jama'a suna tafa masa. A ciki ya saka wani farfesan likitanci wanda binciken 'yan sanda ya wanke tas, bayan an riga an yi masa ruwan zagi da barazana. Wani ɗalibin jami'a da aka saka, wanda ya yi ta musanta zargin, gawarsa aka tsinta. Mai shafin a Biyetnam aka kamo shi. A 2024 kuma wasu masu tashoshin YouTube suka tono maganar Miryang suna fallasa sunaye, miliyoyin mutane suna kallo, kuɗin talla yana shiga. A cikin gaggawa suka haɗa da mutanen da ba ruwansu, har da wata mai ƙaramin shago da aka hana ta sakat. Ƙungiyar da take tallafa wa wadda aka zalunta ta fito ta ce ba a nemi yardarta kan fallasar ba. Wato an sake hawa kan ciwonta a karo na biyu, wannan karon da sunan rama mata. Haka ranar da aka saki Cho Doo-soon a Disambar 2020, masu ɗaukar bidiyo suka cika unguwar suna hawa kan motar gwamnati suna tsalle don a kalle su, maƙwabta suka rasa barci, iyalan yarinyar kuwa tuni sun tattara sun bar garin.

Wannan ne abin da matashin da ke shewa a majalisa ya kamata ya auna, musamman a garuruwan da faɗan daba yake cin rayuka a kan an taɓa ɗan unguwarmu sai mun rama. Wuƙar fim ta roba ce, ana cewa a yanke sai mamaci ya miƙe ya karɓi kuɗinsa.

FINAFINAN DA BA A TURAWA

Abin takaici shi ne Koriya ta yi finafinan da suka kalli wannan lamari da idon basira, amma ba su ne suke yawo a waya ba. Lee Chang-dong ya yi Poetry a 2010. Wata tsohuwa ce take riƙon jikanta, sai ta gano yana cikin yara shida da suka yi wa wata 'yar ajinsu fyaɗe har ta faɗa kogi. Iyaye maza na sauran yaran suka kira taro a gidan abinci, ana ci ana sha, suka yanke cewa kowa ya kawo won miliyan 5, a haɗa miliyan 30 a toshe bakin uwar yarinyar, makaranta ma tana goyon baya don kada sunanta ya ɓaci. Ga masu laifin na biyu nan a zaune da kwat. Tsohuwar ta nemo kuɗin da ƙyar, amma ba ta bari maganar ta mutu a nan ba, a ƙarshe 'yan sanda suka zo suka tafi da jikan, bayan ta sa ya yi wanka ta yanke masa farce. Fim ɗin ya ci kyautar rubutu a Cannes, amma masu kallonsa a gida ba su kai ko rabin miliyan ba.

A Secret Sunshine na 2007 kuwa, uwa ce aka kashe mata ɗa, ta shiga coci ta samu natsuwa, har ta yanke shawarar zuwa kurkuku ta yafe wa makashin. Da ta je sai ya tarbe ta da fara'a, ya ce ai shi tuni Ubangiji ya gafarta masa. A nan ta zube. Duk ɗan Islamiyyar da ya yi karatun fiƙihu zai gane ciwon da ke wurin, domin an karantar da shi bambancin haƙƙin Allah da haƙƙin bawa, cewa na biyun ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. An kuma karantar da shi cewa waliyyin jini yana da magana a gaban alƙali, ko ƙisasi ko diyya ko afuwa, amma alƙali ne yake tabbatar da laifi, hukuma ce take zartarwa, ba a yi a lungu da rigar leda. Yaron da bai balaga ba kuwa ba a yi masa ƙisasi, ana ladabtar da shi, diyya kuma tana hawa kan danginsa, wato manyan da suka bar shi ya lalace su ma sai sun ji a jikinsu. Tsarin Koriya ya mayar da wanda aka zalunta ɗan kallo a kotu, sai dai a zo masa da ambulan ta bayan gida. Masu fim kuma maimakon su nemo masa kujera a gaban alƙali, sai suka miƙa masa gatari.

HANNUN DA AKE SON A MIƘA WA YARAN

Saura tambaya guda: su masu kiran a ƙara ɗaure yara, hannun wa za a miƙa su? Wani alƙalin kotun yara da ya yi suna a ƙasar, Chun Jong-ho, ya sha faɗa cewa saboda yawan shari'u minti uku zuwa huɗu yake samu kan kowane yaro, daidai lokacin da taliyar kofi take dahuwa. A minti uku ake yanke makomar ɗan mutum.

Tarihin hukumar da yara kuma ba abin alfahari ba ne. Daga 1975 zuwa 1987 akwai wani gida a Busan mai suna Brothers Home, inda 'yan sanda suke jibge waɗanda suka kwaso a titi da sunan tsabtace gari, musamman da wasannin Asiya na 1986 da Olamfik na 1988 suka gabato. Yara da dama aka kwasa, wasu a tashar jirgin ƙasa suna jiran 'yan'uwansu. Duka, aikin bauta, fyaɗe. A 2022 Hukumar Gaskiya da Sulhu ta ƙasar ta tabbatar da mutuwar mutum 657 a wurin. Mai gidan, Park In-keun, shekara biyu da rabi ya yi, kuma ba don ran kowa ba, yawanci kan cin kuɗin tallafi ne.

A watan Agusta na 2000 aka daɓa wa wani direban tasi wuƙa a wata mararraba a garin Iksan. Wani yaro ɗan shekara 15, mai kai saƙo a kan babur, shi ne ya ga abin ya ba 'yan sanda bayani. Sai suka juya kansa, suka tsare shi suka yi ta dukansa har ya amsa laifin. Da a ce fim ne, wannan shi ne yaron da za a nuna yana murmushin raini, masu kallo suna jiran ɗan direban ya zo da guduma. Kotu ta ba shi shekara 15, a ɗaukaka ƙara aka mayar 10, ya kuma yi kusan dukansu a kurkuku. A 2003, yana tsakiyar zaman kaso, 'yan sandan garin Gunsan suka kama wani da ya amsa cewa shi ne ya yi kisan, amma masu gabatar da ƙara suka ƙi tsare shi, aka sake shi. Sai a watan Nuwamba na 2016 kotu ta sake zama ta wanke yaron, lokacin ya haura shekara 30. A ranar aka sake kama wancan mutumin, daga baya aka ɗaure shi shekara 15. An yi fim a kan shari'ar a 2017 mai suna New Trial, jaruminsa lauya ne da tarin takardu, babu guduma a hannunsa. A Janairun 2021 kotu ta umarci a biya wanda aka zalunta won biliyan 1.3, sama da shekara 20 bayan daren da ya tsaya ya gaya wa 'yan sanda abin da ya gani.